Kukan Birkin Motar Pak Sarmidi

Ƙarfe bakwai na safe ne, ruwan da ya kwana yana zuba ya ɗauke, hazo ya sauko daga dutse ya kwanta a kan gonakin kabeji. Ina zaune a rumfar Bu Warsini, mai sayar da kofi kusa da inda nake wankin mota, ina ɗumama hannuna a jikin kofi. Ko tiyo ban jawo ba tukuna.

Sai muka ji wata ƙara daga saman layi, siririya, doguwa. Ta yi shiru, ta sake tashi. Can sai ga farar motar Pak Sarmidi, wani dattijon ƙauyenmu, tana gangarowa sannu-sannu kamar mai rakiyar gawa. Da ya taka birki a gabanmu ƙarar ta sake fitowa. Ya sauko yana share goshi, duk da sanyin da ake yi.

“Gunadi, ka ji ta ko?”

“Na ji, Baba.”

“Ba ta yafe ba.”

Na san wa yake nufi. Jiya da la'asar ya take wata kyanwa a kwanar kasuwa. Ya yi duk abin da ake yi a wajenmu in mota ta kashe kyanwa, don kada alhakinta ya bi mutum: ya tuɓe rigar jikinsa ya naɗe ta, ya binne ta a gindin ayaba, sannan ya kawo mini motar da ƙunshin furanni a ganye, ya ce in zuba a bokiti in wanke ta da ruwan. Ya tsaya a kaina yana ta cewa, tayoyin, tayoyin. Ni kuwa na sa tiyo na yi ta fesa ruwa har cikin ƙafafun motar, sai da ya ce ya isa.

“Ƙarfe goma likita ya ce in kai Ningsih,” in ji shi. “Ba zan sa ta a motar nan ba. A bari sai jibi.”

Ningsih ita ce 'yarsa tilo. Cikinta ya tsufa, an ce ɗan bai juya ba, sai an kai ta babban asibiti da ke ƙasan dutse. Mijinta na can teku yana aiki a jirgi. Motar hayar ƙauyenmu ta tafi kasuwa tun asuba, hanyar kuma gangara ce zalla, kwana bayan kwana.

Bu Warsini ta ajiye mataci. “Jibi? To kai za ka gaya wa jaririn ya jira? Sarmidi, tun muna yara haka kake. Kaza ta yi tari sai ka fasa fita.”

“Ke dai ji da suyarki, Yaya. Ba ki san abin da na gani ba.”

Ya shiga lissafo mana. Birkin hannu ya ƙi saki, sai da ya ba motar wuta ta yi ƙwas, kamar an doke ta ta baya. Injin ya yi tari sau biyu kafin ya kama. Ya ja ni gaban motar ya nuna mini fitilar hagu, ɓangaren da ya buge kyanwar: cikinta cike da ɗigon ruwa yana gangarowa.

“Har kuka take yi,” in ji shi.

Ni ban yi nisa a makaranta ba, kuma ba ni da bakin ce wa dattijo abin da iyayensa suka koya masa ba haka yake ba. Sai kawai na durƙusa, na zura yatsa ta tsakanin ƙarfen tayar hagu, na shafo faifan birki. Yatsan ya fito ja.

Ya ja da baya. “Jini!”

“Zo mu ga ta dama, Baba. Ita ai ba ta taɓa komai ba.”

Na shafo ta dama da wani yatsan. Shi ma ja. Na miƙa masa duka biyun ya sansana.

“Tsatsa ce. Ƙarfen nan tsirara yake, in ya kwana da ruwa haka yake wayar gari. Birkin hannun ma lema ce ta manne shi. Fitilar kuwa ruwan tiyona ne, rana na fitowa za ta bushe. Laifina ne, Baba. Kullum in na wanke mota nakan ce wa mutum ya ɗan zaga yana taka birki kafin ya ajiye. Jiya na ga ranka a ɓace, sai na yi shiru.”

Ya daɗe yana kallon yatsuna.

“In kuma ba tsatsar ba ce?”

“Mu zaga filin ƙwallo. In ƙarar ba ta tafi ba, ni da kaina zan ce kada ka sauka dutse, mu nemo bakanike.”

Na shiga na zauna a gefensa. Zagayen farko motar ta yi ta ihu, har yaran makaranta suka tsaya kallo.

“Taka a hankali. Saki. Sake takawa.”

Yana takawa yana salati. A zagaye na biyu ƙarar ta dishe. Ni ma na san abin da na ɗauka a kaina. A na uku sai wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa. A na huɗu ya taka, motar ta tsaya cak, ba mu ji komai ba sai inji. Bai yarda ba, ya ƙara zagaye biyu. Daga nan ya kai ta 'yar gangarar bayan masallaci, ya sake ta, ya taka. Ta tsaya.

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sauke numfashi.

“Wataƙila ta yafe,” in ji shi.

“Wataƙila, Baba.”

Muka wuce gidansa kai tsaye. Tun daga waje yake ƙwala kira a fito, lokaci na tafiya, kai ka ce ba shi ne mai jibi ba. Ningsih ta fito tana dafe da ƙugu, mahaifiyarta na riƙe da ita da hannu ɗaya, jaka a ɗayan. Aka kwantar da kujera, aka koma ɗauko filo, aka sake komawa neman takardar asibiti. Suka ja mota. Na tsaya ina saurare har suka sha kwanar farko ta gangara. Shiru.

Da na juya sai na ga sun bar ƙofar shinge a buɗe, agwaginsu uku har sun kama hanyar kwata. Na bi su a hankali na koro su ciki, na ja ƙofar na ɗaure da igiyarta, sannan na gangara wurin aiki da ƙafa.