Jan Zare a Masaƙata

Shekara biyu da rabi ke nan da teku ta cinye mijina Juhan. Na bi launukan makoki kamar kowace mace a tsibirinmu na Kihnu: baƙin siket da farko, daga baya shuɗi, ja kuwa sai an fita makoki. Amma a bazarar nan, ranar da na ji kaina ina waƙa wajen shanya kifi, sai na zauna a masaƙa na jefa jan zare cikin shuɗin siket ɗin da nake saƙawa. Ratsi ɗaya tak, faɗin ɗan yatsa. Kyansa har ya sa ni hawaye.

Ina son in sa shi zuwa coci ran Lahadi. Tsorona ɗaya ne, uwar mijina, Maimu. In ta ga ja a jikina ta ce na manta ɗanta, da wane ido zan kalle ta?

Ran Alhamis na ji ƙarar babur ɗinta a ƙofa. Kafin in rufe saƙar da mayafi har ta shigo, da baƙin burodi a hammata.

"Endla, me kike ɓoyewa kamar kazar da ta yi ƙwai a daji?"

"Ba komai, Inna."

Ta yaye mayafin. Ta daɗe tana kallo, ta ɗora yatsa a kan jan ratsin.

"Wannan ne jan?"

"Inna, in bai dace ba yanzu zan warware..."

"Ki warware in ga! Yarinyar nan, tun bara nake leƙen igiyar shanyarki. Shuɗi, shuɗi, kullum shuɗi. Ni tsohuwa zan riga matar mamaci sa ja, matan coci su cinye ni ɗanya? Siket ɗina ja guda huɗu na cikin akwati, asu na ta biki a kansu."

Dariya ta kuɓuce mini tare da kuka. "Na ɗauka za ki ce na manta shi."

"Juhan? Yaron da ya ce shuɗi na mai da ke kamar kifin da ya kwana? Ai shi zai fara yi miki tsiya."

Ta goge ido da bakin gyalenta, ta ture ni gefe a kan benci.

"Matsa, marowaciya. Ƙara faɗin ratsin nan, yatsa uku. Ki kuma ƙara tsawon saƙar, ta ishe mu mu biyu."