Wanda Ya Tsaga Turmin Bara'atu

Mijin Sakinatu ne ya tsaga turmin. Shi ne, da hannunsa, da guduma, da rana tsaka. Ba aljani ba ne, ba zafin Madina ba ne, ba tsufan itace ba ne. Duk wanda ya faɗi wani abu daban a gidan nan na unguwar Harra ta Yamma a Madina, Hajiya Bara'atu ta ce ƙarya yake yi, ko da 'yar da ta haifa ce.

Turmin kuwa ba irin wanda ake tsinta a kasuwa ba ne. Na ƙirya ne, baƙi wuluk, bakinsa ya yi sumul don shan hannu. Kakar Bara'atu ce ta ɗauro shi a kan jaki tun daga ƙasar Gumel, zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa. Ya ratsa Barno, ya ratsa Sudan, ya hau jirgin ruwa a Sawakin ya sauka Jidda ko ƙwarzane babu. Tun daga nan duk 'yar gidan da za a kai ɗakin miji, sai an kife shi an zaunar da ita a kai an yi mata wankan amarya. Uwar Bara'atu ta zauna, yayarta Ƙaltume ta zauna, ita ta zauna, 'yarta Sakinatu ma ta zauna. Yanzu saura jikarta Hidaya, wadda an sa ranarta, har an raba goron gayyata.

Da uwarsu ta rasu, Ƙaltume ta so ta tafi da turmin Makka inda take aure. Aka yi ta ja-in-ja, har Bara'atu ta dafa ƙirji ta ce muddin tana numfashi, ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba sai da izininta. To ga Ƙaltume nan tafe bikin Hidaya, kuma ba mace ce mai mantuwa ba.

Shi mijin Sakinatu, Adam, mutumin Zariya ne, mai haɗa magani a wani asibiti. Ba ya zagi, ba ya yawon banza, sallarsa a kan lokaci. Ciwonsa ɗaya ne, teku. Shi da abokinsa, wani likita Sulaiman, suka haɗu suka sayi tsohon jirgin ruwa a garin Yanbu na bakin teku, irin mai doguwar sanda da ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura. Mutum yana zaune a Madina, garin dabino da baƙin dutse, inda kwaɗo ma sai ya yi tambaya kafin ya ga ruwa, ya tashi ya sayi jirgi!

Jirgin ya fara karkarwa duk sa'ad da aka tada inji, aka ciro shi tudu. Ga masu gyara a bakin teku, amma Adam ya ce shi zai yi da kansa, ai ya ga yadda ake yi a waya. Sai ga shi ya shigo gida da wata sandar ƙarfe da ta kusa tsawon mutum, a kanta da farfela ta tagulla mai kunne uku, duk ƙwanson teku ya manne mata kamar ƙazuwa. Ya shimfiɗa ta a tsakar gida, warin kifi ya cika ko'ina.

Bara'atu ta leƙo ta labule. Tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Shi ma daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ta. Don haka Sakinatu ta yi wa magana, ko da yake ga shi nan tsugune yana ji.

"Ke, tambayi mai gidan nan. Jirgin da iska ke turawa, me ya haɗa shi da fanka?"

Adam ya dubi bango ya ce, "A gaya wa Hajiya, in iska ta ɗauke, ko za a shiga tasha, da ita ake tafiya."

"To, Allah ya kawo iska."

Ya yi ta fama kullum ya dawo daga aiki. Ya kankare ƙwanson da wuƙar kicin. Ya wanke kunnuwan da khal, ruwan tsamin nan na Larabawa, a cikin bokitin wanka. Ya warware wata igiyar kamun kifi da ta naɗe sandar har ta narke a jikinta. Ya cire wani zoben tutiya da gishiri ya gaigaye kamar ɓera ya samu sabulu, ya ce haka aikinsa yake, a ci shi a bar tagulla. Ya mirgina sandar a kan tayil yana kwance rub da ciki, yana duba ko ta lanƙwashe. Bara'atu tana kallo ta taga tana tsaki. Gida ana shirin biki, uban amarya yana rarrafe a ƙasa.

Ya kwance noti, amma farfelar ta ce ba inda za ta. Ya zuba mata mai, ya kwarara mata tafasasshen ruwa daga buta, ko gezau. Akwai wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake zare ta da shi, Sulaiman ya ce zai kawo daga Yanbu ranar Juma'a. Adam ya kasa jira. Wani bature a waya ya ce a ɗora gindinta a kan abu mai nauyi a buga. Ya waiga tsakar gida, sai ga turmi a kife a inuwa. Da safiyar nan Bara'atu ta fito da shi ta wanke, ta shafe shi da man shanu, ta bar shi ya sha, ta tafi unguwar Al-Awali zaɓen dabinon biki.

Da ta dawo, farfela na gefe, sanda na gefe, mutumin yana share gumi yana murmushin nasara. Turmi kuwa ya tsage tun daga gindi har baki, har ana hango haske ta ciki.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kwalin dabino, ta shige ɗaki, ta ƙwala wa Sakinatu kira.

"Umma, wallahi bai sani ba," in ji Sakinatu tun kafin ta zauna.

"Bai sani ba? A kan me kika zauna ranar da aka wanke ki aka kai masa? A kan kujerar asibitinsu?"

"Ai maza ba sa shiga wurin, Umma."

"Ba sa shiga, amma suna da baki. Ya tambaya? Gidan nan babu bulo? Garin nan da Allah ya cika da dutse har mota ba ta da wurin tsayawa, ya rasa abin dokawa sai turmin kakata?"

"Ya ce zai aika Kano a sassaƙo sabo, masu zuwa umara su taho da shi."

"Ya aika a sassaƙo mini sabuwar kaka kuma."

Ranar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta shiga kicin ta fito, ta ɗauki carbi ta ajiye, ta je ta tsaya a kan turmin ta sa yatsa a tsagar, ta koma. Abin da ke cin ta shi ne ba ta da ikon tsayawa a gabansa ta faɗa masa. Duk zafin da ta ɗauko, sai ya bi ta bakin Sakinatu, kafin ya isa wurinsa ya huce ya zama "Hajiya ba ta ji daɗi ba." Shi kuma ya aiko da "A ba Hajiya haƙuri." Haƙuri! Kamar ya taka mata takalmi.

Washegari da ya tafi sallar Azahar, ta fita tsakar gida. Ya goge farfelar tana ta ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya. Ta sunkuya ta rungume ta, bayanta yana ƙara, ta kai ta ɗaki ta tura ƙarƙashin gado, ta ja akwati ta tare.

Aka yi ta nema. Daga baya Sakinatu ta shigo tana murza hannu.

"Umma, ya ce jirgin yana tudu, masu wurin suna son filinsu, Dokta Sulaiman ma yana ta waya."

"Su yi ta waya. Ba iska ke tura shi ba?"

Hidaya ta leƙo da lalle a hannu, tana dariya. Ita tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. "Ma'alesh ya Sitti, khalas, sai in zauna a kan kujerar roba."

"Kujerar roba! Ji mini 'yar nema. Uwarki a kan roba aka wanke ta? In kin zauna a kan roba, auren ma na roba za ki yi, rana ta buge shi ya narke."

"Sitti, haram alaiki!"

"Tafi can, da ƙafa kamar ta zakara."

Amma da yarinyar ta juya, Bara'atu ta ga ta tsaya a bakin turmin ta daɗe tana dubansa, dariyar ta ɗauke. Wannan ya ƙara mata wuta.

Adam dai bai daddara da yin gyara da kansa ba. Ya ɗauko wani danƙon jirgi mai wari da ake haɗa kala biyu a gauraya, ya ɗura a tsagar. Ya kawo ɗamarar ƙarfe irin wadda ake matse tiyon inji da ita, ya ɗaure turmin sama da ƙasa, ya ɗaɗɗaure da sukudireba. Ya aiko a gaya wa Hajiya wai yanzu ya fi da ƙarfi, ko ruwan teku ba zai shiga ba.

Bara'atu ta fito, ta tayar da turmin, ta ɗauko taɓarya ta saka sau ɗaya. Da can in ta buga shi, maƙwabta Larabawa har ƙarshen layi sun san Hausawa na daka. Yanzu sai ya ce ɓus, kamar an doki katifa. Ta jingine taɓaryar a bango a hankali. Zama kam za a iya zama a kai. Amma muryarsa ta tafi, kuma ga shi ɗaure da ƙarfe kamar mahaukacin da aka sa wa mari.

Ranar wanka mata suka cika gidan, na Aƙiƙ, na Jidda, na Makka, ana Hausa ana Larabci ana guɗa. An dafa ruwan lalle da turare, an kife turmi a tsakar gida, Sakinatu ta lulluɓe shi da zani har ƙasa. Ta ja uwarta gefe.

"Umma, don Allah, in Inna Ƙaltume ta gani, ki ce zafi ne ya busar da shi ya tsage. Kowa ya san zafin bana. A rufa masa asiri, uban amarya ne."

Bara'atu ta dube ta. Wato a ce ita ce ta bar turmin uwarta a rana har ya fashe. Ita da take shafa masa man shanu da hannunta, ita da ta dafa ƙirji. A wanke suruki, a shafa mata.

Sai ga Ƙaltume ta iso, tana dogara sanda. Ba ta gama gaisawa ba ta nufi turmin, ta sa sandar ta ɗage zanin. Guɗa ta tsaya cak. Ƙaltume ta daɗe tana kallon ɗamarar ƙarfen da busasshen danƙon da ya zubo kamar majina.

"Bara'atu," ta ce, "ƙudan da kika ce ba zai sauka ba, ashe da guduma ya zo?"

Sakinatu ta yi wuf ta ce, "Inna, zafi ne..."

"Rufe mini baki," in ji Bara'atu.

Ta shiga ɗaki. Aka ji ana jan akwati. Ta fito rungume da farfelar, ta zo tsakiyar mata ta sake ta a kan tayil, ƙarar ta sa jarirai kuka. Hidaya tana tsaye a lulluɓe, ruwan wanka yana ta tururi a baho.

"Ga zafin nan, Yaya. Mai kunne uku."

Daga nan ta juya ta nufi ƙofar da ta raba tsakar gida da majalisar maza, inda ake jin ƙarar kofunan gahawa. Sakinatu ta riƙe mata mayafi, ta fizge. Ta tsaya a bakin ƙofar, ta buɗe murya, ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba tun da aka ɗaura auren 'yarta.

"Adam!"

Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu," ta rufe baki da hannu.

"Adam, da kai nake! Ba aike, ba bango, ba a gaya wa Hajiya. Turmin nan ya hau teku bai tsage ba, sai a tsakar gidana, a hannunka. Ga 'yarka nan tsaye, ga ruwa yana hucewa, kuma wallahi ba mai zuba mata ko cokali ɗaya sai ka taso. Ka zo bakin ƙofar nan, ka tsaya inda yayata za ta ji ka, ka faɗa da bakinka wanda ya tsaga turmin uwarmu. Taso ka amsa!"