Karen Glenys a Filin Jiragen Yaƙi

Bayan Glenys Pohlner ta sayar da gonarta da tumakinta, 'yarta Narelle ta gyara mata ɗaki a gidanta da ke garin Bendigo, har da sabon labule. Kwana goma sha ɗaya ta iya yi a ciki. Gari na wayewa sai ta zura takalmin aiki ta fito tsakar gida ta tsaya, ba ta san inda za ta dosa ba. Karenta Mulga ma ya fi ta shiga uku. Karen kiwo ne, ja, mai miƙaƙƙun kunnuwa, wanda ya shekara shida yana juya garke da ido kawai. Da ya rasa tumaki sai ya koma tara kajin maƙwabta a kusurwar shinge, ya tsare su har rana ta take.

Ran na sha biyu ta ɗaura ɗan ɗakin kwana mai taya a bayan a-kori-kurarta.

"Mama, ina za ki da wannan gwiwar taki mai ciwo?" in ji Narelle daga bakin ƙofa.

"Arewa."

"Arewa ai ba gari ba ce."

"Inda kakanki ya yi yaƙi. Ke dai ki riƙa shayar mini da bishiyar lemon can."

Mahaifinta Herb bakaniken jiragen sama ne a lokacin da jiragen Japan ke ruwan bama-bamai a garin Darwin. Har ya mutu bai taɓa faɗin sunan filin da ya yi aiki ba. Abin da ya bari hoto ne guda: shi tsaye ba riga, jikin tankin ruwa, bayansa wani tsauni mai shafaffen kai kamar tebur. A bayan hoton an rubuta 1943, shi ke nan.

Mako uku ta yi tana bin babbar hanyar da ta ratsa tsakiyar ƙasar. Duk inda ta ga allo mai nuna tarihin yaƙi sai ta ratse, amma ba ta taɓa cika awa guda a wuri ɗaya ba. A maƙabartar sojoji ba a shiga da kare, sai ta ɗaure Mulga a inuwar bishiya a waje, ta bi layin kaburbura da sauri, ido a kan sunaye, kunne a kan kukansa. A bakin tekun Darwin, wajen tsofaffin ramukan manyan bindigogi, ya fizge igiya ya zagaye wasu tsofaffi goma sha biyar da suka sauko daga bas, ya matse su jikin katanga, har wata ta yar da hularta. Glenys ta ba da haƙuri, ta ja shi mota, suka ƙara gaba. In ta tsaya cin abinci, a tsaye take ci. Shi kuma a kujerar gaba yake zama yana rawar jiki, duk saniyar da suka wuce sai ya bi ta da kallo har wuyansa ya ƙare.

Filin jirgi na bakwai da ta je yana cikin wata babbar gonar shanu, tafiyar rabin awa daga kwalta. A jikin ƙofar shingen akwai jan allo: an zuba nama mai guba saboda karnukan daji. Glenys ta san wannan allon, ita ma ta sha kafa irinsa a gonarta saboda yanyawa. Ta sa wa Mulga takunkumi kafin ta buɗe ƙofar.

Filin doguwar tsohuwar kwalta ce da ciyawa ta tsattsage, shurin gara ya tsaitsaya a gefenta kamar mutane. Ga gangunan mai sun yi tsatsa, ga wani guntun fiffiken jirgi a kwance. Kafin ƙarfe goma zafi ya fara dukan ƙeya. Mulga yana ta haki a cikin takunkumin, sai ta cire masa, ta zuba masa ruwa a kwano. Ta ciro hoton, ta ɗaga shi, ta juya gabas, ta juya yamma, tana neman tsaunin a bayan itatuwa. Ba ta fi minti biyu ba.

Da ta waiwayo, kwanon ne kawai.

Ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito, irin wanda ke dawo da shi daga ƙarshen gona. Wasu fararen aku suka tashi da ihu. Ta sake yi. Shiru.

Ta bi kwaltar har ƙarshe tana ɗingishi, ta dawo. Ta shiga mota ta zagaya filin tana danna ham. Ta duba waya, babu sabis ko ɗigo. Ta sauka ta kutsa ciyawa mai kai mata ƙirji, tana kiran sunansa har muryarta ta dushe. A jikin wani shinge ta ci karo da mushen karen daji, ya bushe, haƙora a waje. Ta tsaya a kansa. Ta san yadda gubar nan take yi. Shekara tara da suka wuce ta taɓa riƙe karen maƙwabcinta a hannu yana shure-shure, ba abin da aka iya yi masa.

"Wawiya," ta ce wa kanta. "Tsohuwar wawiya. A kan hoto."

Rana ta kusa tsaka sa'ad da ta hango ƙura a bayan itatuwa, sannan ta ji haushi sau biyu, gajere, irin na aiki. Ta manta da gwiwa.

A gefen filin akwai wata ganuwar ƙasa mai siffar kofaton doki, inda ake ɓoye jirage a da. Cike take da shanu, masu tozo, farare da toka-toka, sun cunkushe suna huci. A bakin ganuwar Mulga ne kwance da ciki, kai a ƙasa, ido a kansu. Wata karsana ta gwada fita, ya yi taku uku, ta koma. Ya ɗan dubi Glenys da wutsiyar ido, ya mai da kansa ga aiki.

Ta durƙusa ta buɗe bakinsa, ta shinshina, ta leƙa tsakanin haƙora. Ba ta ga komai ba, amma ta san rashin gani ba shaida ba ne.

Tana nan durƙushe ƙarar babur mai ƙafa huɗu ta iso. Wani dattijo ne baƙi, siriri, da hular kiwo da gumi ya cinye gefenta. Ya kashe injin, ya dubi shanun, ya dubi karen, ya dubi Glenys.

"Baiwar Allah, satar shanu kika zo yi, ko yawon buɗe ido?"

"Ina kuka zuba gubar?"

"To, gaisuwar ke nan?" Ya sauko. "Sunana Cecil, ni ne shugaban makiyayan nan. Hayin rafi muka zuba, mako biyu ke nan. Amma hankaki na ɗauka ya yar a ko'ina, ba zan yi miki ƙarya ba. Tun yaushe ya ɓace?"

"Awa biyu."

"In ya ci, kafin la'asar za ki sani. In bai ci ba, ma kafin la'asar za ki sani. Likitan dabbobi yana can garin Katherine, da nisa, ko kin tashi yanzu ba abin da zai ƙara miki." Ya juya yana ƙirga shanun da yatsa. "Arba'in da ɗaya! Kwana uku muna neman 'yan banzan nan da babura huɗu. Wannan ɗan abin ne ya tara su shi kaɗai?"

"Tumaki ya sani. Bai taɓa aikin shanu ba."

"To kar ki gaya masa."

Cecil ya hura wuta a inuwa, ya ɗora gwangwanin shayi. Ya nuna mata kututture ta zauna. Ta zauna, ta miƙe, ta je ta taɓa hancin Mulga, ta dawo, ta sake miƙewa.

"Ke da karen, wa ya koya wa wani?" in ji shi. "Zauna mana, kina sa ni jiri."

Don ta sami abin yi da hannunta ta miƙa masa hoton. Ya goge yatsunsa a wando kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallo.

"Babanki ne? Kunnuwanku ne suka tona, iri ɗaya ne." Ya nuna wajen rafin da haɓa. "Kakata ta yi wa sojojin nan wanki, can ƙasan itatuwan. Ta ce yara ne duka, in jirgi bai dawo ba sai su kawo mata kayan mai shi ta wanke, a aika wa uwarsa. Amma wannan hoton ba a nan aka ɗauke shi ba."

"Ka tabbata?"

"A nan aka haife ni. Kin ga tsauni? Wannan mai kan tebur yana kudu, a gonar wata mata da na sani. Babu allo a bakin hanya, shi ya sa. Kin wuce shi tun kafin ki kai Darwin."

Glenys ta karɓi hoton. Ta zaci za ta ji takaici, sai ta ji hannunta kawai na neman makullin mota. Da ba don karen ba, da ta tashi a lokacin.

Suka jira. Inuwa ta matsa, suka matsa da ita. Duk sanda Mulga ya yi atishawa ko ya girgiza kai, sai ta zabura ta duba shi. Cecil ya yanka mata burodi da naman gishiri, ta ci rabi a tsaye. Ya tambaye ta tumaki nawa ta taɓa riƙewa, ta gaya masa. Ya ce shi bai yarda da dabbar da ke mutuwa don ta ga dama ba. Ta ce ita kuma ba ta yarda da makiyayin da shanu arba'in ke ɓace masa a filin da babu ko tudu ba. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Da rana ta karkata, Mulga ya miƙe, ya yi miƙa, ya zo ya sa hanci a sauran burodinta ya ɗauke. Cecil ya dubi agogo.

"Wannan ba abin da ya ci sai abincinki. To, tunda ya tara su, ya taya ni kai su gida mana. Tafiya ce kaɗan."

Ta mai da masa takunkumin. Cecil ya shiga gaba da babur, ita a baya da mota, gilashi a sauke, tana fito. Mulga na kai da kawowa a gefe, yana dawo da duk wadda ta ratse. Suka bi ta kan tsohuwar kwaltar jiragen, kofatai na ƙwanƙwasa ta, har suka fita ta ɗaya ƙofar.

A bakin garken ƙarfe matar Cecil, Doreen, ta fito tana goge hannu.

"Kai da ka tafi neman shanu, ka dawo da baƙuwa?"

"Ba ita na ɗauka ba, karen na ɗauka. Ita biyo shi ta yi."

Bayan an rufe ƙofa Cecil ya jingina da shinge ya ce suna da maruƙa ɗari shida da za a raba da iyayensu, ga shi makiyayansa biyu sun gudu gari. Ya ce in za ta bar masa karen, zai riƙe shi kamar ɗansa.

"Ba na barin shi."

"To ke ki zauna. Akwai wurin ajiye ɗan ɗakin naki bayan rumbu."

"Kwana uku," in ji Glenys. "Ina da wurin zuwa."

Mako bakwai ta yi. Ranar wata Lahadi ta tuƙa zuwa kudu, ta ga tsaunin, ta ga ginshiƙan siminti huɗu da tankin ya taɓa zama a kai, ta tsaya a tsakaninsu na ɗan lokaci, ta koma don akwai allurar maruƙa da sassafe. Doreen ta yi iya ƙoƙarinta ta ga ta gama cin abinci a zaune, ba ta ci nasara ba sai sau biyu.

Tun a mako na biyu na zamanta a gonar wata saniya mai ƙaho ɗaya ta harbi Mulga a haƙarƙari, ya yi kwana huɗu a ƙarƙashin mota yana fushi da kowa. Ran na biyar ya fito. Glenys tana riƙe da ƙofar garke ta ga ya nufi saniyar nan ta baya, ya cije ta a agara, ya kwanta shame-shame a ƙasa, kofaton ya wuce ta saman kansa.

"Ka gani?" ta ƙwala wa Cecil. "Ka gani ko?"

"Na gani. Rufe ƙofar, maruƙan na fita!"