Kalmar da Ta Rage wa Baba Haggai

Mabel na janye cokalin shayi daga bakin mahaifinta ke nan ya sake faɗar kalmar.

"Kilem," in ji Baba Haggai. Ya ɗaga hannun hagu, wanda shi kaɗai ke motsi yanzu, ya buga shi a kan katifa. "Kilem."

Mama Anjelina da ke zaune a bakin ƙofa ta rufe fuska da gefen zani. "Kin ji ko? Ya sake kiransa."

Kwana tara ke nan da aka sallamo Baba daga asibiti bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ciwon ya tafi da hannunsa na dama da ƙafa, ya kuma tafi da bakinsa. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana koyarwa a firamare, mai jin Hausa da yaren Mada da Turanci, yau kalma ɗaya ta rage masa. Kowa a gidan ya riga ya yanke ma'anarta: Kilemen yake kira, ɗansa na fari da ya rasu a hatsarin mota a hanyar Akwanga. Mama ta ce majiyyacin da ya fara kiran matattu ya kama hanya. Har an gaya wa fasto, zai zo da yamma tare da matan zumunta.

Mabel ce kawai abin bai kwanta mata ba. Baba bai taɓa gutsure sunan kowa ba, balle na ɗansa. Kuma in ya faɗi kalmar, ba fuskar mai kewa yake yi ba. Fuskar da ta sani ce tun tana ƙarama, wadda yake yi in ɗalibi ya kasa gane abu mai sauƙi.

Turanci take koyarwa a sakandare, saboda haka ta bi ta inda ta iya. Ta rubuta kalmar a waya ta hanya uku, wayar ta yi ta kawo mata sunayen mutane. Ta naɗi muryar Baba ta kunna wa abokan aikinta. Wani ya ce yaren Mada ne na da, wata ta ce ba kalma ba ce, harshe ne ya karye. Sai da safen nan ta tuna da Baba Natan, wanda suka yi makarantar mishan tare da mahaifinta, yake zaune a Gitata tun da ya yi ritaya.

"Yau ne za ki yi tafiya?" Mama ta tambaya. "In wani abu ya faru fa?"

"Kafin fasto ya zo na dawo, Mama."

Motar Gitata ta ɗauki kusan awa kafin ta cika. Mabel ta zauna matse tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani ma'aikacin ƙaramar hukuma, tana ta juya kalmar a baki har matar ta waigo ta dube ta.

Ta sami Baba Natan a gindin mangwaro yana ɓare gyaɗa a faranti. Bayan gaisuwa da tambayar mai jiki, ta kara masa wayar a kunne. Kunnensa ya yi nauyi, sai da ta kunna sau uku. A na ukun ya ajiye farantin, ya fashe da dariya har tari ya kama shi.

"Haggai! Kai, Haggai!" Ya share hawaye. "Shekara saba'in ban ji wannan ba."

"Baba, kalma ce?"

"Kalma ce mana, 'yata. Turanci ne, amma ba irin wanda kike koyarwa ba." Ya zana haruffan da yatsa a ƙasa: C, L, E, M. "Akwai wata Baturiya da ke kula da ɗakin kwananmu, Mis kawai muke ce mata. Daga arewacin ƙasarsu ta fito, ta ce a bakin kakarta ta ji kalmar. Har sauran Turawan ba su san ta ba, dariya suke yi mata."

"Me take nufi?"

"Bari in gaya miki. Shekararmu ta biyu fara ta cinye dawa. Abincin makaranta ya koma sau ɗaya a rana. Mis takan tsaya a ƙofar kicin ta dube mu, ta ce yaran nan za su clem a hannunta. Muka tambaye ta, ta ce ba yunwar da ke sa ciki ƙugi ba ce. Ita ce wadda ke matse mutum a hankali har ya ƙare. Sai ni da ubanki muka mai da kalmar tamu. In yunwa ta ishe shi a aji, ya taɓo ni ta ƙarƙashin benci ya raɗa mini kalmar, ni kuma in miƙa masa rogon da na ɓoye."

Yana cikin murmushi sai murmushin ya ɗauke. Ya dubi Mabel sosai.

"Me kuke ba shi?"

"Shayi da cokali. Da kunu mai ruwa-ruwa, cokali huɗu ko biyar." Muryarta ta yi ƙasa. "Ranar da muka dawo gida ya ƙware, har idonsa ya juye. Tun daga nan Mama take tsoro. Mu duka muna tsoro."

"Kwana nawa?"

"Tara."

Baba Natan ya janye farantin daga gabanta kamar yana buɗe mata hanya. "Tashi, 'yata. Ba zan ce ki zauna ki sha ruwa ba."

A cikin mota ta kira Mama sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ta lalubo katin asibiti a jaka ta kira lambar da ke baya. Nas ɗin da ta amsa ta saurara, sannan ta ce abu mai ruwa-ruwa shi ya fi saurin ƙware irin waɗannan majiyyata. A ba shi mai kauri da laushi, a zaunar da shi tsaye, a bi a hankali, gobe kuma a kawo shi a duba maƙogwaronsa. Mabel ta yi godiya. Ta mai da wayar jaka.

Tun daga bakin layi ta jiyo waƙar matan zumunta. Falo ya cika, fasto na tsaye da Littafi Mai Tsarki a hannu. Ta gaishe su a gurguje, ta ja Mama zuwa kicin.

"Ba Kilemen yake kira ba, Mama. Yunwa yake ji."

Mama ta dube ta. Mabel ta ba ta labarin Baturiyar da rogon da abin da nas ta ce. Mama ta jingina da bango.

"A gabana? Ina zaune a ƙofarsa dare da rana?"

"Ba mu sani ba, Mama."

Mama ta tashi daga jikin bango. Ta sauke ƙaramar tukunya, ta fere doya da kanta, ta dafa har ta narke, ta murje ta da ɗan manja da romon kifi. Da Mabel ta miƙa hannu za ta karɓi kwanon, Mama ta kauce.

Suka tayar da Baba, suka tokare bayansa da filo biyu. Waƙa ta tsaya, mata suka taru a ƙofa. Mama ta ɗebo rabin cokali. Idon Baba ya biyo cokalin tun daga kwano. Ya karɓa, ya juya a baki, kowa na kallon maƙogwaronsa. Ya haɗiye. Bai yi tari ba.

Ya karɓi na biyu, da na uku. A na bakwai ya tsaya, ya yamutsa ɓangaren fuskar da ke motsi, ya yi ta kokawa da harshensa. Fasto ya matso. Mabel ta sunkuya ta kai kunne.

"Ba... gishiri," in ji Baba Haggai, da Hausa sarai.

Wata daga cikin matan ta yi salati irin nasu, wata ta kama dariya ta toshe baki. Mama ta dubi mijinta, hawaye na sauka har haɓarta.

"Likita ne ya hana," ta ce. Ta sake cika cokalin.

Baba ya harare ta, sannan ya buɗe baki.