Ajin da Ke Ƙarshen Baranda

Tun Auta yana ƙarami likita ya gaya musu cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta karɓar duniya yadda ta sauran mutane take karɓa. Ba ya jure hayaniya, ba ya haɗa ido da mutum, kuma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Amma a lissafi babu mai kama ƙafarsa. Umma ta ji bayanin likita ta ce Allah ya sawwaƙe, ba ta sake ɗaga maganar ba. Yayarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta zama bakinsa da kunnensa.

Da ya samu gurbi a jami'a, Yaya ta ɗauki hutu ta raka shi. Ta yi ta bin hanya da shi daga ɗakin kwanan ɗalibai zuwa aji har ƙafarsa ta haddace. Ajin ƙarami ne, a ƙarshen wata doguwar baranda. Ta je ofishin kula da ɗalibai ta yi wa wata mata bayaninsa dalla-dalla. Matar ta dafa ƙirji ta ce, "Kwantar da hankalinki, ai ya zama ɗana."

Duk ƙarshen mako Yaya takan kira shi.

"Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Kana zuwa aji?"

"Ina zuwa."

"To, farfesa, in ka yi girma kada ka manta da mu."

"Ni ba farfesa ba ne, Yaya."

Sai ta yi dariya ta koma kan aikinta, don ta san Auta bai taɓa yin ƙarya ba.

Ana gab da jarrabawa shugaban sashensu ya kira ta. Ya ce ƙaninta ba zai zauna jarrabawa ba, domin rabon malamai da ganinsa tun farkon zango. Ta ce ko dai an rikita suna ne? Ya ce ta dai zo.

Da hantsi ta isa. Ba ta same shi a ɗakin kwana ba, abokan ɗakin kuma suka ɗaga kafaɗa. Sai ta bi barandar nan. Wata tsohuwa mai shara ta tsaya da tsintsiyarta tana kallonta.

"'Yata, yaron nan kike nema? Yana ciki. Kullum nan yake yini, bawan Allah. Na ɗauka horo aka ba shi."

Yaya ta tura ƙofar ajin. An jibge kujeru a jikin bango, allo ya yi ƙura. Auta na zaune shi kaɗai kusa da taga, rigarsa a goge, littafi buɗe a gabansa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

"Auta, ina sauran 'yan ajin?"

"An mayar da su babban zaure."

"Kai fa?"

Ya soma kaɗa jiki gaba da baya, abin da ta yi zaton ya bari tuni. Da ƙyar ta tsinto labarin. Sau ɗaya ya je zauren. Mutane sun cika maƙil, lasifika tana ihu. Ya toshe kunnuwansa ya durƙusa a ƙasa, wasu suka zaro waya suna ɗaukarsa suna shewa. Washegari sai ya dawo nan.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ba ki tambaye ni zaure ba. Aji kika tambaya. Wannan ne ajin da kika nuna mini."

Ta juya masa baya ta yi kamar tana gyara ɗankwali.

Ofishin kula da ɗalibai a kulle ta same shi. Wani masinja ya ce matar an yi mata canjin wurin aiki tun tuni, ba a kawo wani ba. Shugaban sashe kuwa mutumin kirki ne. Ya ba ta kujera, ya saurare ta har ƙarshe, ya jinjina kai.

"Wallahi, malama, babu wanda ya sanar da ni. Da na sani da mun yi wata dabara."

"Yallaɓai, ya karanta littafin gaba ɗaya shi kaɗai. A gwada shi ko yau ne."

"Na yarda. Amma doka ce, ta fi ƙarfina. Ya dawo baɗi, zan tsaya masa."

A mota Auta ya rungume jakarsa. Da suka isa gida, Umma ta leƙa waje ta rufe ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Duk wanda ya tambaya, ku ce hutu aka ba su."

"Ba hutu ba ne, Umma," in ji Auta.

Baɗi ta zo, bai koma ba. Da an ambaci jami'a sai ya shige ɗaki ya toshe kunne, ya ƙi abinci. Yaya ta roƙi mai kantin ya bar shi yana jera kwalayen magani a sito, inda babu mai shiga. Yana yi ba kuskure, amma in an turo ƙofa sai ya zabura ya maƙale a bango.

Wata rana da la'asar saurayinta ya zo ɗaukarta daga aiki. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu kafin ya yi magana.

"Ba wai ina ƙin ƙaninki ba ne, kin gane. 'Yan gidanmu ne ke tambaya. Bayan biki, shi ina zai zauna?"

Ta dube shi. Umma ƙafa ta soma gagararta, kuma babu wani ɗan'uwa da ya taɓa tayin riƙe Auta.

"Ka je kawai," ta ce. "Yau za mu hau motar haya."