Lanƙwasar Baba

Auta ta sake danna maɓallin da Baba ya nuna mata, amma harafin ya fito a miƙe, babu lanƙwasa. Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon kwamfutar, ya karanta jimlar da ya rubuta a kan marigayiya Mama: "Ban taba yi mata karya ba."

"Taba kuma? Karya?" in ji shi. "Shekaru ina tare da uwarku, yau wannan abin zai sa mini taba a baki, ya kawo kare gidana."

Gobe za a yi masa aikin ido, likita kuwa bai yi alkawarin komai ba. Littafin tarihin rayuwarsa da yake bugawa tun da ya bar koyarwa saura babi ɗaya, na Mama, kuma so yake ya gama ya karanta da idonsa kafin a rufe shi da bandeji. A da yatsunsa sun haddace inda ƙ da ɗ da ɓ suke. Sai Yaya ya zo ranar hutu, ya tarar kwamfutar tana jan ƙafa, ya sauke tsohon tsarinta gaba ɗaya, ya ɗora wani sabo wanda ya kira buɗaɗɗe.

Auta tana wurin lokacin da yake bayani, kuma duk abin da ya faɗa ya shige ta. Ya ce kyauta ne. Baba ya ce shi wancan ma bai tuna ya biya ba, da shi kwamfutar ta zo. Ya ce ƙwayar cuta ba ta kama shi. Baba ya ce dama ba ya yawo inda ake kwasar ta. Ya ce kamfanoni ba za su ƙara leƙen asirinsa ba. Baba ya yi murna, ya ce ashe dai akwai masu karanta littafin tun bai fito ba. Ta yi dariya a ranar, ba ta san da wa take dariyar ba. Gaskiya kwamfutar ta ƙara sauri. Tana buɗewa nan take, sai dai ba a san abin da za a yi da ita ba in ta buɗe.

Auta ta nemi amsa a intanet ta wayarta. Wani ya ce abu ne mai sauƙi, ya jero layuka kamar rubutun likita. Wani ya ce kada a kuskura a bi na farkon. Na uku ya tambayi wane iri take amfani da shi, ita kuwa sai a nan ta san ashe iri-iri ne.

Ta kira Yaya a wurin aiki, ta buɗe muryar wayar. Ya sa ta buɗe wani baƙin allo, yana faɗa tana bugawa. Allon ya nemi kalmar sirri. Yaya ya ce tana rubuce a gida, zai duba. Yau ba zai samu fitowa ba, sai bayan an sallami Baba.

"Baba, ka yi haƙuri, ƙaramin abu ne," ya ce. "Ai daɗinsa ke nan, ba na kowa ba ne. Kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara."

"Kowa?"

"Kowa, Baba."

Baba ya kalli Auta, ta kalli baƙin allon. Digirinta na tarihi ne. Ta ji kamar laifinta ne da ba ta cikin kowa ɗin.

Da aka kashe wayar Baba ya tashi daga kujerar, ya ce ta zauna.

"Buga yadda ya fito, Auta, na san abin da nake nufi. In mun gama ki fitar mini a takarda in karanta. Yayanki kuma ki ba shi biro, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya lanƙwasa. Shi ne kowa."

Ya jingina da bango, ya lumshe ido, ya fara ba da labarin ranar da ya fara ganin Mama a bakin laburare tana faɗa da mai gadi. Auta ta shiga bugawa, haruffan suna fitowa a miƙe. A gefen teburin firinta tana nan da fitilarta a kunne. Tun safe ta gwada ta, ba ta amsa ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, Baba ya ce, "Kin rubuta?"

Ta ce ta rubuta.