Atamfar Uwar Ikramu

Wata bakwai ke nan da Kadijatu ta tafi Sakkwato jegon 'yarsu Ikramu, ba ta dawo Kamarawa ba. Mijinta Malami bai taɓa buɗe baki ya ce ta dawo ba, don shi ba ya roƙo.

Saura kwana goma Sallah, ana tsakiyar zafin bazara, ya shiga kasuwar garin Isa neman kayan Sallarta. Mai shago ya baje masa leshi mai duwatsu.

"Baba, wanga shi aka yayi."

"Cikin zahin ga? So kaka ta dahu?"

Malami ya jawo wata shuɗiyar atamfa marar nauyi, ya kara a baki ya hura, ya ji iskar ta taɓa tafinsa. Shekara arba'in yana saya mata masu kauri, tana gumi tana godiya.

Mai shago ya ce, "A ba direba ya kai mata Sakkwato?"

Malami ya daɗe yana shafa atamfar.

"A'a. Kai ma Sadiƙa tela, tana da awonta. Direba ya gaya ma uwar Ikramu ɗinkinta na gida."

Da ya fito, sai ya bi ta tashar motocin Sakkwato yana duban masu sauka, ko da yake ba hanyarsa ba ce.